Baba Ina-Zuwa da Kwamfutar da Ke Yin Shiru In Ya Fita

Kafin mai shara ya gama goge barandar ƙasa, Baba Ina-Zuwa ya iso. Yakan jingine tsohon babur ɗinsa a jikin bango, ya tsaya ya ɗan murza gwiwarsa ta hagu, sannan ya buɗe ɗan ɗakin da ke ƙarƙashin matakalar bene, wanda kamfaninmu na buga littattafan makaranta ke kira ofis don kawai an sa masa ƙofa. Mutum ba ya miƙewa a ciki sai ya sunkuyar da kai. Teburi ɗaya ne, da fanka mai kukan tsufa, da kwali cike da wayoyin da suka sarƙe da juna, da matattun kwamfutoci a jere kan kanta, waɗanda ya hana a zubar don wai wata rana za a ciri wani abu a jikinsu. Yakan ɗora ruwan shayi, amma ban taɓa ganin ya sha shi da zafinsa ba. Da ya zuba a kofi, wayar teburin za ta fara ƙara.

"Ina zuwa," zai ce, tun kafin mai kiran ya gama kawo kukansa.

Daga nan sunan ya samo asali, ya kuma bi shi har sabbin ma'aikata ba su san yana da wani ba. Shi ne mai kula da kwamfutocin gidan nan tun lokacin da guda uku ce kacal, ana lulluɓe su da zane in an tashi aiki. Ƙarshen watan nan zai ajiye aiki. Na san yadda za a yi: za a taru a ɗakin taro, a raba lemo mai ɗumi, Manaja ya yi jawabin da ya yi wa direban da ya tafi bara, a tafa, kowa ya koma teburinsa. Abin ya tsaya mini a rai, shi ya sa na zauna na rubuta wannan.

Aikinsa irin wanda ba a tunawa da mai shi ne sai abu ya lalace. Ranar da komai ya tafi daidai, babu mai leƙa ƙarƙashin bene ya ce sannu. Ranar da firinta ta cije takarda kuwa, sai ka rantse shi ya tura ta. Kai ne, Baba, wanda mai lissafin kamfani ya yi wa tsawa a gaban jama'a don kwamfutarsa ta ƙi tashi, ka durƙusa da wannan gwiwar taka ka mayar da wayar wutar da ƙafarsa ta fizge, ka miƙe ka ce masa, "Ta ɗan gaji ne, yanzu ta huta," don kada a yi masa dariya. Kai ne kake hawa bene ka sauko har ba a ƙirgawa, kana haki, ka iske wanda ya kira ka ya fita cin abinci bai bar maka ko sallahu ba. Shekarun nan na baya gajiya ta fito maka a fuska, ta fito a tafiyarka. Mun gani, mun yi kamar ba mu gani ba, domin in mun gani dole mu rage kira.

Amma abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne abin da ya faru tsakaninsa da Anti ta ɗakin bugu.

Anti ce mafi daɗewa cikin masu buga mana rubutu. Yatsunta sun san madannai fiye da yadda wasunmu suka san hanyar gidajensu, ba ta kallon hannunta in tana bugu, tana ma iya yi maka faɗa ba tare da ta tsaya ba. Sai idonta ya fara dishi-dishi. Ta sauya tabarau, ta sake sauyawa, ta matso da allo har hancinta na neman taɓa shi, a ƙarshe likita ya gaya mata gaskiya: ganin ba zai dawo ba. Ɗanta ya dage ta zauna gida ta huta. Ita kuwa ta ce in ta zauna gida bango za ta riƙa saurare har ta mutu.

Manaja ba mugun mutum ba ne, shi ma daga sama ake danna shi. Ya yarda a sauya mata aiki: masu fassara su riƙa karanta fassararsu a ɗauka a murya, ita ta saurara ta buga. Sai dai ya kafa sharaɗi, ya kuma faɗe shi ƙarara. In har lokacin da za a miƙa littattafan sabon zango wurin ɗab'i ba ta iya aiki ita kaɗai ba, ba tare da wani ya zauna yana duba mata allo ba, to za a sallame ta saboda rashin lafiya.

Baba ya ce akwai mafita. Akwai manhajar da ke karanta duk abin da ke kan allo da murya, mutum ya ji abin da ya buga, ya gyara kuskurensa da kunne. Ya sa mata ita. Manhajar rubutun da Anti ta saba da ita kuwa ba ta magana da mai karatun sai an rubuta mata wani ɗan umarni, shi ma ya rubuta. Sannan ya yi abin da yake yi tun yana saurayi. Akwai wata baƙar taga a kwamfuta da masu irin aikinsa ke buɗewa, ba hoto ba ado, sai dai ka rubuta umarni da hannunka. Ya buɗe ta, ya buga sunan manhajar rubutun, ta taso. Anti ta danna harafi, sai ga wata murya irin ta ƙarfe ta maimaita shi. Ta buga jimla, muryar ta karanto mata ita tsaf. Ɗakin bugu ya kaure da tafi. Anti ta rufe fuska da gefen mayafinta, Baba ya ɗauki jakarsa ya sauka, don tuni wayar ƙasa take ta kira.

Washegari da safe Anti ta buɗe manhajar, ta danna harafi. Shiru. Ta buga jimla guda, ba ta ji ko tari ba. Aka kira shi, ya ce yana zuwa. Ya hau, ya ce, "Ɗan matsa mini, Anti." Ya rufe manhajar, ya buɗe baƙar tagarsa, ya tayar da ita, muryar ta kama zuba kamar ba ita ba. Ya sauka. Da rana ta rufe wani aiki ta buɗe sabo, shirun ya dawo.

Haka aka yi ta yi, safe da yamma. Da farko abin dariya ne. 'Yan matan ɗakin bugu suka ce kwamfutar tana jin tsoron Baba. Wani mai fassara ya ce a yanko hotonsa a liƙa a jikin allo. Shi kuwa ya sauke manhajar ya sake sa ta, ya sauya lasifika, ya sauya madannai, har kwamfutar gaba ɗaya ya ɗauke ya kawo wata. Duk lokacin da ya gwada, lafiya lau. Duk lokacin da ya ba da baya, shiru. Sannu a hankali dariyar ta ƙare, raɗa ta maye gurbinta. Aka fara cewa ai mutum in ba ya gani, ba ya sanin abin da yake dannawa. Wasu suka ce tsufa ne ya haɗu da taurin kai. Manaja ya tare Baba a kan matakala ya ce, "Baba, ba zan iya ajiye ka a gefenta kamar ɗan rakiya ba. Lokaci yana tafiya."

Ranar da abin ya kai maƙura, zafi ake yi, layin intanet ya katse tun safe, kowa na kiransa. Da ya hau wurin Anti a karo na ban san nawa ba, gumi ya jiƙa masa riga, gwiwar tana zogi. Ya tayar da manhajar, ta yi magana, sai gajiya ta yi magana da bakinsa.

"Anti, don Allah ki riƙa kula da abin da kike dannawa."

Ba ta ɗaga murya ba. Ta cire abin sauraro daga kunnenta, ta ajiye, ta juyo da fuskarta inda take jin numfashinsa.

"Ƙanena, idona ne ya tafi, ba hankalina ba. Amma tunda kai ma ka faɗa, shi ke nan. Zan gaya wa ɗana ya zo ya kwashe mini kayana."

Ya sauko ofishinsa. Shayin da ya zuba tun safe yana nan ya yi sanyi, ya zauna ya tasa shi gaba har aka tashi.

A gida ma bai iya cin abin kirki ba. Maiɗakinsa ta dube shi ta ce ko dai gwiwar ce, ya ce a'a, ya ba ta labari a taƙaice. Tana ninke wanki tana saurare. Da ya kai inda yake cewa shi duk lokacin da ya gwada abin yana yi, sai ta yi wata 'yar dariya.

"Kamar ƙofar ɗakin ajiyar nan ke nan. Shekara nawa ina ce maka tana cijewa, kana zuwa ka tura ta buɗe, ka dube ni kamar na yi maka ƙarya?"

"To ai buɗewa take yi."

"Kai take buɗe wa, maigida. Ɗaga ta kake yi kaɗan kafin ka tura, hannunka ya saba har kai kanka ba ka san kana yi ba. Da sau ɗaya ka tsaya ka ga yadda nake turawa, da tuni ka gyara ta."

Ya tashi ya je ya tura ƙofar. Ya ji hannunsa ya ɗaga ta. Ya daɗe a tsaye a wurin, har ta tambaye shi ko lafiya.

Da safe bai ɗora shayi ba. Ya hau kai tsaye, ya iske Anti ta fara haɗa 'yan kayanta a leda: kofinta, da ɗan matashin da take jingina bayanta. Ya gaishe ta, ta amsa a daƙile. Ya ce, "Anti, jiya na yi miki rashin kunya, ki yafe mini. Yau ba zan ce ki matsa ba. Ga hannuna nan na zuba a aljihu. Ki nuna mini yadda kike buɗe ta, tun daga farko."

Ta ajiye ledar. Yatsunta suka hau madannai. Ta kira jerin manhajojin da ke fuskar kwamfuta, ta sauka zuwa ta rubutu, ta danna, kamar yadda kowane ma'aikaci a gidan nan yake yi, ban da mutum ɗaya. Ba ta yi kuskure ko na harafi ba. Manhajar ta buɗe, kuma ba ta ce uffan ba.

Baba ya ji kunya ta rufe shi. Tsawon makonnin nan bai taɓa bin wannan hanyar ba, don shi rabonsa da buɗe wani abu ta jerin nan har ya manta. Ya roƙi izini ya duba abu ɗaya. Ya sa kwamfutar ta nuna masa bayanan da aka miƙa wa manhajar da Anti ta buɗe, ya gwama da na wadda yake buɗewa ta baƙar taga. Umarnin magana yana cikin nasa, babu shi a nata.

"Anti," ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa, "kowace manhaja in za ta tashi, wanda ya tayar da ita ne ke ɗaura mata guzuri: ga harshen da za ki yi aiki da shi, ga inda kayan aikinki suke, ga wanda za ki yi wa magana. Ba ta fita nema da kanta, abin da aka ɗaura mata shi ke nan. Ni kuwa na rubuta umarnin a fayil ɗin da baƙar tagata kaɗai ke karantawa. In ni na tayar da ita, ta taho da guzurinta cif. In ke ce, ta taho hannu rabbana."

"Wato dai ba ni ce na ruɗe ba."

"Ba ke ba ce. Ni ne."

Ya ɗauke umarnin ya mayar da shi fayil ɗin da kwamfuta ke karantawa domin dukkan manhajojin fuskarta. Ya mayar da hannu aljihu, ya ce ta sake gwadawa. Ta gwada. Shiru.

Wadda ke zaune kusa da Anti ta gaya mini cewa a lokacin sai da ta tausaya masa. Ya jawo kujera ya zauna, abin da bai saba yi a ɗakin kowa ba, ya dafe goshi. Can ya ɗago.

"Anti, wannan fayil ɗin sau ɗaya ake karanta shi, lokacin da mutum ya sa kalmar sirrinsa ya shiga. Yaushe rabonki da ki fita ki sake shiga?"

Nan ne ita ma ta sunkuyar da kai. Ta ce tun da idon ya tafi ba ta kashe kwamfutar, a kunne take barin ta ta tafi gida. Wurin sa kalmar sirrin ba ya magana, ba ta sanin ko ta shiga ko ba ta shiga ba. In kuwa wuta ta ɗauke, kwamfutar ta mutu da kanta, sai ta yi ta lalube a jaka kamar tana neman wani abu, har Allah ya kawo wanda zai lura ya shigar mata. Ta ce, "Mace kamata, da na koya wa rabin ɗakin nan bugu, in riƙa roƙo a buɗe mini? Nauyi nake ji, ƙanena."

Ya sa wurin shigar ma ya riƙa magana. Daga nan ya yi abin da har yau ake labarinsa a ɗakin bugu. Ya miƙa hannu ya kashe allon, ya bar kwamfutar a kunne, ya ce shi ma zai bi hanyar tun daga farko ba tare da ya ga komai ba. Mutumin da ya yi rayuwarsa cikin kwamfuta ya riƙa lalube kamar baƙo. Ya ɓata, ya dawo, ya danna abin da bai nufa ba. A haka ya gano muryar tana gudu fiye da kima, ya rage mata sauri. A haka ya ji wani ɗan saƙo da ke faɗowa ya tare hanya ba tare da ya sanar da kansa ba, ya kawar da shi. Anti na gefe tana gyara masa: "Ba nan ba, koma baya. Kai, ashe kai ma sai a hankali." Rabon da a ji dariyarta a ɗakin an daɗe.

Da Manaja ya zo ganin ko aikin zai yiwu, Baba ya kashe kwamfutar ɗungurungum, ya ɗauki jakarsa ya nufi ƙofa. Manaja ya ce, "Ina za ka? Tsaya mana, ko da wani abu zai faru."

"Ranka ya daɗe, in ina ciki ai ba gwaji ba ne."

Ya fita ya jawo ƙofar, ya bar ta a ɗan buɗe. Ni na gan shi, ina hawowa. Yana tsaye a kan matakala, ya dafa ƙarfen gefenta, nauyinsa duk a kan ƙafar dama, ya karkata kunne. Ciki shiru, sai ƙarar fankar kwamfuta tana tashi. Shirun ya yi tsawo har na ga laɓɓansa suna motsi. Sai muryar ƙarfen nan ta nemi kalmar sirri. Aka ji ƙarar madannai. Aka sake yin shiru kaɗan. Daga nan yatsun Anti suka ɓarke da gudu irin na da, muryar tana biye da ita tana karantowa. Baba ya saki wata doguwar ajiyar zuciya, ya share fuska da hannun riga. Bai koma ciki ya karɓi ko sannu ba. Wayar ƙarƙashin bene ta fara ƙara, ya juya ya bi matakala yana ɗingishi.

Littattafan sun tafi ɗab'i a kan lokaci, kuma da bugun Anti a ciki. Ledar da ta haɗa kayanta ta koma aljihun teburi. Na kuma ji cewa a ƙarshen makon nan Baba ya cire ƙofar ɗakin ajiyar gidansa ya fere ƙasanta.

Da na gaya wa Anti zan yi wannan rubutu, na tambaye ta me take so in sa. Ta ce, "Kada ka cika shi da zancen ya iya kwamfuta, masu iyawa suna da yawa. Ka ce lokacin da kowa ya ce ni ce, har shi ma ya faɗa, shi kaɗai ya dawo ya ce in nuna masa yadda nake yi."

To na faɗa, Anti.

Kai kuma Baba, mai hawa bene da gwiwa ɗaya, mai shan shayi da sanyinsa, ga tamu godiyar, ko da ta zo a makare. Mun gajiyar da kai, mun sani. Mun kira ka a kan abin da ya kai da wanda bai kai ba, mun ɗora maka laifin wuta da na intanet da na ƙafafunmu, ba ka taɓa ce mana ba ka zuwa ba. Allah ya saka maka da alheri, ya ba gwiwar nan lafiya, ya sa hutun ya zame maka hutu. Wadda aka ɗauka ta gaje ka ta ce ta tambaye ka sirrin aikin, tana jiran ka ba ta dogon bayani, sai ka ce mata kawai: in an kira ki, ki fara zuba hannunki a aljihu.

Wannan nake roƙon duk mai karanta ni, ko kwamfuta kake gyarawa, ko mota, ko jikin mutum, ko kuwa yara kake koyarwa. In wani ya ce maka abu ya ƙi, kada ka ture shi ka yi da hannunka ka ce ai ga shi yana yi. Ka tsaya ka ga yadda yake yi.

Ranar farko ta watan gobe wayar ƙarƙashin bene za ta yi ƙara, wata murya daban ce za ta ɗauka, kuma za mu ji babu daɗi. Amma a sama, a ɗakin bugu, Anti za ta zauna ta kunna kwamfutarta da kanta, ta sa kalmar sirrinta, ta buɗe manhajarta, muryar ta amsa mata. Kai kuwa a lokacin kana gida, ka miƙe ƙafa. Sha shayinka da zafinsa, Baba. Mun gode.